Kofunan 'Yar Sakwa a Kan Sikeli

Awuor, gyara zama ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara min magana. Ni Ogutu ɗan Ochola, mutumin Asembo, ban taɓa riƙe alƙalami ba sai dai in dangwala yatsa, to yau ke ce hannuna. Labarin kakarki zan ba ki, Peres Aluoch, wadda duk unguwar Makongeni ba wanda ya san ta da wannan suna sai 'Yar Sakwa, tunda mu da sunan garinsu muke kiran mace har ta koma ga Allah. Jiya na ji kina waya da kamfanin masu kwasar kaya. Wai wata mai zuwa za ki bi mijinki Nakuru, ki bar ni, ni mijinki na fari, don kin samu mai haƙora. Ba komai, je ki. Amma kafin su zo miki da tambayar da suka zo mata da ita, ki ji wannan.

Da na auro ta ina leburan reluwe a Nairobi, ina ɗaga katakon layin dogo ina buga ƙusa. Ɗaki ɗaya aka ba ni a gidajen ma'aikata. Ranar da ta sauka daga jirgi ta leƙa ɗakin, ta dube ni, ta ce, "Ina sauran?"

Na ce, "Sauran me?"

Ta ce, "Sauran gidan. A ƙauye an ce kana da gida a birni."

Na ce ai shi ke nan. Ta ajiye ƙunshinta ta ce, "To matsa, ka tsaya a kan kicin."

Haka take. Ba ta da tsawo, amma in tana magana sai ka ji kamar daga sama take duban ka.

Ba ta yi wata biyu ba ta fara sayar da wake da garin masara a ƙofar ɗaki. Lokacin kowa da gwangwani yake awo. Wata maƙwabciyarmu, Nafula, mace mai dariya har ta kan manta tukunya a wuta, ita ta koya mata sirrin sana'ar. Ta ce gwangwani biyu ake ajiyewa, na saye da na sayarwa. Na sayarwa sai a ɗan buga masa guduma a gindi ya lotsa ciki, ba mai gani. Kakarki ta dawo ɗaki ranta a ɓace. Ta ce, "Baban gida, ni ba zan iya ba. In na sayar wa mace wake na cuce ta, ranar Lahadi mu zauna benci ɗaya a coci, da wane baki zan yi waƙa?"

Sai ta shiga adashe da matan unguwa. Da kwasarta ta zo ba ta sayi zane ba, ba ta sayi gado ba, alhali a tabarma muke kwana. Sikeli ta saya, na ƙarfe, mai faranti biyu, da duwatsunsa na baƙin ƙarfe, manya da ƙanana. Ni na ɗauko shi a kai daga kasuwa, wuyana ya yi kwanaki yana ciwo. Tana da tsohon ciki lokacin. Da ta haifi mahaifinki, Owiti, muka dawo da shi gida, abin da ta fara yi shi ne ta shimfiɗa tsumma a farantin sikelin ta kwantar da shi. Nafula tana tafa hannu tana cewa, "'Yar Sakwa, nawa kilo? A yanka min rabi." Ita kuwa ba ta ko yi murmushi ba sai da allurar ta tsaya. Ta ce, "Uku da rabi. Cif."

Daga nan matan unguwa suka mayar da ƙofarmu asibiti, kowa ta haihu sai ta kawo a auna mata. Ciniki kuma ya buɗe, har ta samu rumfa a kasuwa. Mutane su wuce rumfa biyar su zo tata, don sun san kilonta kilo ne. In mai saye ya fara dogon ciniki, wai wake ya yi tsada, wai jiya ba haka ta sayar ba, sai ta ce, "Ni ban iya musu ba, tambayi ƙarfen nan." Ko ni in na dawo na ce mata na gaji kamar na ɗauki jirgin a kai, sai ta ce in hau sikeli a gani. Duk abin da ba a iya aunawa, ba ta cika yarda da shi ba. Ki riƙe wannan, zai dawo.

Da wake da garin nan ta yi wa Owiti da ƙanwarsa Aoko makaranta. Albashina na haya ne da gawayi kawai. Owiti ya fito malamin makaranta. Ranar da ya karɓi albashinsa na farko ya shigo da kwali a kafaɗa yana haki, ya ajiye a gabanta. Ta buɗe. Kayan shayi ne na tangaran, farare tas, da 'yan furanni shuɗaye a baki. Kofuna da 'yan farantansu, da buta, da ta madara, da ta sukari mai murfi. Ba ta taɓa riƙe irin su ba sai a gidan wani babban ma'aikaci inda ta taɓa kai wake, can ma daga nesa ta hango.

Ta ce, "Kai, wa ya aike ka? Kuɗin nan ai buhun wake ne."

Ya ce, "Mama, wake ya ishe ki haka."

Ta tashi za ta ɗora ruwa. Ya riƙe hannunta yana dariya, ya ce, "A'a, ba a ɗakin reluwe ba. Wannan ɗakin aro ne. Sai ranar da muka gama miki gidanki a Asembo, mai kwano da daɓen siminti, ki zauna a kujera ki harɗe ƙafa, ni zan zuba miki da hannuna."

Wasa yake yi, na sani. Ita ma ta sani. Amma ta mayar da kofin cikin kwali. Ta sa kafinta ya yi mata ɗan kabad mai gilashi, ta jera su a ciki. Duk Asabar ta fito da su ta goge ta mayar. Baƙo ya zo, kofin kwano. Fasto ya zo, kofin kwano. Nafula ta ce, "Ke, waɗannan sai bishop ya zo?" Ta ce, "In ya zo ya taho da nasa."

Owiti ya yi aure, aka haife ki. Kina rarrafe zazzaɓi ya kama shi, ya hau masa kai. Ranar Talata ya je aiki, kafin wata Talatar mun sa shi a mota zuwa Asembo. Dakata, ba ni ruwan nan.

To. Mun binne shi a filina, gefen tsohuwar bukkarmu ta laka, inda tubalin sabon gidan ya kai gwiwa kawai. Da muka koma Nairobi na ɗauka za ta rufe kabad ɗin da zane ko ta kyautar da kayan. Ba ta yi ba. Asabar ta zo, ta fito da su, ta goge, ta mayar. Ba ta yi min maganarsu ba, ni ma ban yi mata ba. Abin da ya canza shi ne gini. Duk ribar da ta samu sai ta zama kwano ɗaya, ko tubali, ko ƙofa. Mahaifiyarki ta koma wurin danginta, ke kika tashi a hannunmu, kuɗin makarantarki ma daga farantin sikelin nan ya fito, shi ya sa ginin ya daɗe. Na yi ritaya muka ci gaba da zama muna biyan haya. Shekara da shekaru. Ba a zuba daɓen simintin ba sai da kika shiga makarantar kwana, shi ya sa ba ki ga abin da zan faɗa miki ba, kuma ba wanda ya ba ki labarinsa yadda ya faru.

Da gida ya kammala, gwaggonki Aoko, tana aikin jinya a Mombasa lokacin, ta ce ba za mu yi irin ƙaurar da ba, a ɗaure katifa a saman bas ruwa ya jiƙa. Ta ce ta biya wani kamfani, za su zo da mota mai rufi. Kafin ranar suka aiko wani saurayi mai suna Mutiso ya duba kayan. Yaro mai ladabi, ya cire takalmi a ƙofa ba tare da an ce masa ba. Ya duba gado, ya duba kujeru, ya duba rediyo, ya rubuta. Sannan ya zauna ya ce, "Baba, Mama, saura abu ɗaya, kuma ku za ku zaɓa. In wani abu ya lalace a hanya, yaya za a biya ku?"

Kakarki ta ce, "Tun ba a tashi ba ka fara lalatawa?"

Ya yi dariya ya ce, "Allah ya kiyaye, Mama. Amma dole in tambaya. Hanya biyu ce. Ta farko ba ku ƙara ko shilin a kan kuɗin mota. Ku ɗaure kayanku da kanku, mu ɗauka. In abu ya fashe ko ya ɓata, a auna nauyinsa, a biya shilin ɗari kan kowane kilo. Ko rediyo ne ko turmi, duk ɗaya, nauyi kawai ake dubawa. Ta biyu kuma cikakkiyar inshora ce. Ki nuna min abin da kike ji da shi, ki faɗi kuɗinsa, in rubuta, a ƙara wani abu kaɗan a kan kuɗin mota. Shi wannan mu da kanmu za mu naɗe shi ɗaya bayan ɗaya, mu sa a akwatin katako, mu ɗaure shi shi kaɗai a gaba. In duk da haka ya lalace, mu gyara, ko mu saya miki sabo, ko mu biya abin da kika faɗa."

Ki rubuta wannan da kyau, yaron bai ɓoye komai ba. Bai yi mana wayo ba.

Ya juya ya dubi kabad ɗin, ya ce, "Kamar waɗannan kofunan, Mama. Ba su da nauyi, ga saurin fashewa. Ni da nawa ne, ta biyu zan sa su. Nawa za ki ce kuɗinsu?"

Na ga wuyanta ya miƙe.

Ta ce, "Me ka ce?"

Ya ce, "Kuɗinsu. Ko da ƙiyasi ne."

Ta ce, "Ɗana ne ya saya min. Yana ƙasa a Asembo. Kai nawa za ka ce?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Yi haƙuri, Mama, ban sani ba. Ba sayarwa ba ce. Don a san yadda za a kula da su ne."

Ta ce, "Ka ce in sun fashe ka saya min sabo. A wane kanti ake sayar da albashin farko na Owiti?"

Na sa baki. Na ce, "'Yar Sakwa, bar batun biyan. Ji batun akwatin katakon. Faɗi wani abu kawai ya rubuta."

Ta ce, "Baban Owiti, kai ma? In zauna a ɗakina in yi wa abin yaron nan kuɗi da bakina, in kuma ce idan ya fashe? Ai kiran abin nake yi ya zo."

Kin san mutanenmu. Ba a tsaya wa mace a ce 'ya'yanki nawa ta ƙirga maka su da yatsa, kuma ba a ambaton asara a kan abin da ke raye a gabanka. Ni ma da haka na tashi, shi ya sa ban matsa mata ba. Aoko ta kira a waya, ta ce, "Mama, ni zan biya ƙarin, ke dai ki faɗi lamba." Ta ce, "Ba kuɗin ne ya dame ni ba, 'yar nan, faɗin ne."

Sannan ta juya wurin Mutiso ta ce, "Ta farkon, ka ce da sikeli ake yi?"

Ya ce, "Da sikeli, Mama. Amma..."

Ta ce, "To rubuta ta. Ni na san sikeli. Na ci abinci da shi tun ba a haife ka ba, bai taɓa cutata ba. Wancan kuwa magana ce, kowa ya faɗi abin da ya ga dama."

Ya sake maimaita mata, a hankali, cewa kofi ba shi da nauyi. Ta ce ta ji. Ta sa hannu, ni na dangwala.

Za ki ce me ya hana ta rungumi kwalin a cinya a cikin bas. Ta so. Amma a shekarar hannunta ya fara rawa, har ta taɓa sakin tulas ɗin shayi a kasuwa ya tarwatse. Ni kuma hannu ɗaya sanda, ɗaya kafaɗarta. Ga turmutsutsun tasha, ga kwandasta da in ya ga kwali sai ya fizge ya jefa ƙarƙashin mota. Ita da kanta ta ce, "Na fi tsoron hannuna da motarsu." Ta yi yini guda tana naɗe su, kowane kofi da jarida, sannan da tsofaffin zannuwanta. Ta sa a kwali mai ƙarfi, ta ɗaure da igiya, ta sa Nafula ta zana kofi a jikin kwalin da gawayi don masu lodi su gane.

Sun gane kuwa. Da safe da motar ta zo, suka ɗora kwalin can sama a kan katifa, ba komai a kansa. Tana tsaye tana kallo har ta gamsu. Sai dai sikelin. Har safiyar nan tana auna wa matan unguwa ragowar wakenta a ƙofa, ta ƙi bari a ɗauka. Nafula tana kuka tana tsokanarta, "Wa zai auna mana jikoki yanzu?" Sai da aka gama lodi, ana shirin rufe ƙofar mota, ta zuba duwatsun a buhu, aka miƙa. Mu kuma lokacin bas ya yi, muka wuce. Babu wuri a ƙasa, sai suka cusa buhun a saman kabad, kusa da katifar. Wannan daga baya muka ji.

A hanya ba ta yi barci ba. Da bas ya tsaya a Kericho ta sauka da kanta ta sayi ganyen shayi mai kyau, irin wanda ba ta taɓa saya mana ba. Na ce, "Yau kuma ni za a yi wa gata?" Ta ce, "Kai kofin kwanonka yana nan." Tana ta lissafa matan da za ta kira. Ta ce kofin farko ba mai sha sai ita, za ta kai gefen kabarin ta zauna, ta harɗe ƙafa kamar yadda ya ce, ta sha a can. Rabon da in ji ta ambaci maganar nan tun ranar da ya yi ta.

Mun riga motar isa. Washegari tun da hantsi mata suka cika tsakar gida, an kawo madara, an ɗora babbar tukunya. Ta sa rigar cocinta. Motar ta shigo wajen azahar, yara na bin ta a guje. Direban ya sauko ya gaishe ni, ya ce hanya lafiya, sai dai a gangaren bayan Kericho jakuna sun faɗo titi ya taka birki da ƙarfi, amma bai taɓa ko ɗaya ba. Muka ce an gode Allah.

Aka buɗe ƙofa. Buhun duwatsun ba ya saman kabad. Yana kan kwalin, ya nutse a ciki har rabi, daidai kan kofin da Nafula ta zana.

Wani daga cikin masu lodi ya ɗaga buhun, ya ɗauko kwalin. Da ya motsa shi sai muka ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Ya ajiye a gabanta ya ja da baya.

Ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa da rigar cocin, ta kwance igiyar, ba ta yanke ba, kwancewa ta yi. Ta riƙa buɗe zannuwan ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye ina roƙon Allah ko guda ɗaya, ko murfin sukarin nan. Babu. Duwatsun sun yi ta niƙa su tun daga Kericho, kowane rami su daka. Ta kai ƙarshe, ta zauna a ƙasa, ta dubi buhun. Ta ce, "Nawa ne. Duwatsuna ne."

Can ta tashi ta karkaɗe riga, ta ce wa matan, "Shayi zai huce." Aka fito da kofunan kwano. Ta zuba wa kowa da hannunta mai rawa. Ita ba ta sha ba.

Bayan 'yan kwanaki Mutiso ya zo da kansa, wani aiki ya kawo shi Kisumu ya ƙaraso. Ya tsaya a ƙofa ya kasa shigowa. Ta ce, "Shigo, ɗana, ba kai ka taka birkin ba." Ya ce dole ne a auna kafin a biya, kuma bai zo da sikeli ba, amma ba sai an yi ba, zai rubuta kilo goma kawai a wuce wurin.

Ta ce, "Kilo goma na me?"

Ya ce, "Mama, da kwalin da zannuwan da komai. Ba wanda zai tambaya."

Ta ce, "Zannuwan ba su fashe ba."

Ta sa ni na jawo sikelin tsakar ɗaki, a kan daɓen simintin da ta yi shekaru tana tarawa. Ta shimfiɗa tsumma a faranti. Ta riƙa tsince fasassun daga cikin jarida tana zubawa, har 'yan ƙananan da sai ta lashi yatsa ta ɗauke su. Wani guntu ya yanke ta, ba ta kula ba. Ta ɗora dutse, ta ƙara, ta cire, ta sa ƙarami. Muna kallon allurar tana lilo har ta tsaya.

Mutiso ya ce, "Nawa, Mama?"

Ta ce, "Uku da rabi."

Sai ta dube ni. Ta ce, "Baban Owiti, uku da rabi. Cif."

Yaron bai san abin da take nufi ba. Ni na sani. A nan ne ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da motar ta zo, har ma wanda ba ta gama ba ranar jana'iza. Ta kifa kai a kan farantin. Mutiso ya fita waje, na hango shi ta taga yana share ido da hannun riga.

Shilin ɗari uku da hamsin aka biya. Ya so ya ƙara daga aljihunsa, ta ƙi. Ta ce, "Abin da na zaɓa ke nan." Ta ba ni kuɗin ta ce in sayo siminti. Bai kai kuɗin buhu ba, na cika. Aka kira magini ya yi wa kabarin mahaifinki sabon shafe, kafin ya bushe ta zauna a gefe da tsumman nan a cinya, tana danna fasassun a ciki, gefen furen yana kallon sama. Ta yi yini a kai. Ba ta bar ko ɗaya ba.

Sikelin kuwa ba ta ƙara taɓa shi ba. Matan ƙauye su zo a auna musu gero ko jariri, ta ce ya lalace. Bai lalace ba, yana nan ƙarƙashin gado. Dutsen da nake tokare ƙofar can da shi, na kilo biyun ne.

Ta zauna a gidanta damina biyu. Tana share daɓen, tana zuwa coci, tana yi min faɗa a kan taba. Wanda bai san ta ba zai ce lafiya lau. Amma Asabar in ta zo sai ka gan ta tana zagaye ɗaki ba ta san abin da za ta yi da hannunta ba. Kabad ɗin ya iso ko gilashinsa bai tsage ba, ta bar shi fanko, ta hana a sa komai a ciki.

Wata rana da la'asar, ciwon ajalinta ya riga ya fara cin ta, muna zaune a inuwar mangwaron nan tana kallon kabarin. Ba abin da ya kawo maganar. Ta ce, "Da na faɗa masa wani abu."

Na ce, "Wa?"

Ta ce, "Yaron kamfanin. Da na ce dubu biyar, ko dubu goma, ko me ma. Da sun sa a akwatin katako." Ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Ai Owiti zai gane ba sayar da shi nake yi ba. Ko ba zai gane ba?"

Na ce, "Zai gane."

Ta ce, "Kofi ɗaya kawai na so in sha."

Ba ta kai girbi ba. Tana kwance gefensa, kin sani.

To amaryata, abin ke nan. Na ga hoton mahaifinki mai gilashi da kike rataye a ɗakinki, na ga agogonsa da kike ɓoyewa. Su ma ba su da nauyi. In yaron kamfanin ya zo ya tambaye ki kuɗinsu, faɗin zai yi miki wuya, na sani, jininta ne a jikinki. Ki daure, ki buɗe baki ki faɗi lamba, ki biya ƙarin, a sa su a akwatin katako. Wanda kuma hannunki zai iya riƙewa, ki riƙe, naki ba ya rawa tukuna.

Ajiye alƙalamin haka nan. Ɗebo ruwa a bokiti, ki kama ni mu je baya wurin kabarin mahaifinki. Ƙura ta rufe fasassun kofunan, amma in an zuba ruwa furannin suna fitowa.